Taken da Aka Tsallake a Kurawa

A Tsamaye, zamanin Turawa, da an kai gero rumbu sai kokawa. Shekara goma sha ɗaya gwiwar Sodangi ba ta taɓa ƙasa ba, har ’yan kokawar ƙasar Faransa masu ƙetarowa daga Maraɗi suna shakkarsa. Kowane gwani yana da takensa, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai don ya fito fage. In Wada makaɗi ya buga na Sodangi, mata kan bar daka su saurara.

Wata kaka kafaɗar Sodangi ta goce wajen ɗaukar dami. Ɗan ƙanwarsa Attahiru, malamin asibitin En’e a Isa, ya mayar da ita, ya ce wata uku ba kokawa, in ba haka ba hannun zai shanye.

“Wata uku? Jibi za ni kokawa Kurawa,” in ji Sodangi.

“Kawu, mutanen nan ihu kawai suka iya. Ɗanmusa da aka karya bara, wa ke leƙa shi?”

Gaskiya ya faɗa. Garin da ke ɗaga mutum a kafaɗa ranar nasara bai taɓa tunanin inda zai kwantar da shi ranar karaya ba. Sodangi dai dariya ya yi.

Sai Attahiru ya tafi wurin makaɗin. “Baba Wada, don Allah jibi kada ka buga taken Kawu.”

“Malam, ka san abin da kake roƙo?”

“Na sani.”

Bai sani ba. Ba a koya masa a makarantar Midil ba cewa makaɗi ba ya tsallake gwani yana zaune a fage sai in ƙarfinsa ya ƙare, kuma taken da aka tsallake ba a sake buga shi.

A Kurawa da la’asar Sodangi ya zauna da warkinsa, layu a damtse, yana murza ƙasa a tafin hannu. Wada ya buga na Yari na Gangara, ya buga na samari masu tasowa, bai buga na Sodangi ba. Jama’a suka riƙa waiwaye. Da aka tashi, Sodangi ya kwance layun, ya sa riga.

A hanya ya ce wa Attahiru, “Wa ya sa shi?”

“Ni ne, Kawu.”

Sodangi ya ce, “Da kayar da ni aka yi, sai a ce wane ya kada Sodangi. Yanzu mi za a ce?”

Kafaɗa ta warke sarai, da ita ya yi noman shekara ashirin. Fage kuwa, ko kallo bai sake zuwa ba.