Kifin Muzammil a Jirgin Alhaji Surajo

Alhaji Surajo ya sayi jirgin kamun kifi a shekarar da maƙwabcinsa a Summerfield ya sayi doki. Jirgi ne ja mai ƙyalli, da kujeru masu juyawa, da allon da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. Ya kafe shi a kan tirela a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani, kuma duk wanda ya je gaisuwa sai an fito da shi ya shafa. Mu kuwa Hausawan Greensboro ta Amurka, da mai kuɗi ba ya atishawa ba mu yaba masa ba, nan da nan muka naɗa shi Sarkin Ruwa. Ruwan da jirgin ya fi sani shi ne ruwan sama.

Muzammil ba shi da jirgi. Ɗaki da falo yake haya a Glenwood, yana aikin gwajin jini a wani asibiti, kuma duk ranar hutunsa a tafki take ƙarewa. Kifin da ake kira bas yake bi, kuma da jig kawai yake kama shi. Jig ƙugiya ce mai kan dalma, an ɗaura mata bujen zaren roba. Jefa ta ake yi kusa da itacen da ya faɗa ruwa, a bar ta ta nutse, sannan a riƙa jan ta a hankali tana tsalle a ƙasa kamar jatan lande. Bas ba ya fizgar ta. Ɗan ƙwanƙwasawa yake yi sau ɗaya, kamar baƙo mai kunya a bakin ƙofa, in ka yi jinkirin ɗaga sanda ya ji dalma a bakinsa ya tofar.

Yana cikin wani kulob na masu kamun bas, shi kaɗai ne Bahaushe a ciki. Gasar ƙarshe ta shekara ta zo, wadda daga ita ake zaɓen waɗanda za su wakilci kulob ɗin a gasar jiha, kuma makinsa na bakin layi: babban kifi guda ɗaya zai shigar da shi. Ƙa'idar ba ta da wuya. Mutum biyu a jirgi, kowa da kamunsa, kowa shaidar ɗan uwansa. Kifi ya zo kan sikeli da rai, bayan awo a mayar da shi ruwa. Wanda bai dawo gaɓa kafin a busa ƙaho ba, kamunsa bai shiga lissafi ba. Sai dai Eric, abokin da ya saba ɗaukar sa a jirginsa, an yi masa aiki a kafaɗa, a bana riƙon sikeli kawai zai iya. Shi ya sa Muzammil ya saka hula ya tafi Summerfield.

"Gasa?" in ji Alhaji Surajo, yana gyara zama. "Ai ka zo gidan sarauta, ɗana. Ni da na tashi a bakin Tiga? Ruwan Amurka har wani ruwa ne?"

"Haka ne, Baba Alhaji. Sai dai akwai ƙa'idoji, bari in karanta maka."

"Bar su. Ƙa'ida ta wanda bai iya ba ce."

Ranar gasa Alhaji ya zo cikin farar shadda, ya ɗora rigar ceto a kai, hular zanna na zaune daram. Kular abinci biyu ya sa aka loda. Kafin su bar gaɓa ya danna waya ya aika da murya zuwa guruf ɗin al'umma: "Jama'a, yau da yamma kowa ya hallara a gida. Hajiya Suwaiba za ta yi farfesun kifi, kamun hannun Sarkin Ruwa." Amsoshi suka fara zubowa. Likitoci, injiniyoyi, masu digiri bibbiyu, kowa na rige-rigen cewa Allah ya ja zamanin Sarki. Ba wanda ya tambaya ko Sarkin ya taɓa kama ko da tarwaɗa.

Muzammil ya ji saƙon, ya buɗe baki zai yi maganar mayar da kifi ruwa, sai ya rufe. Ya ce a ransa za a yi bayani daga baya. Da wannan "daga baya" muke tafiyar da kusan komai namu.

Ya nuna wa Alhaji wani lungu inda bishiyoyi suka kwanta cikin ruwa, suka tsaya. Alhaji ya buɗe akwatinsa. Jig iri-iri ne a ciki, kowace a ledarta, ba a taɓa ɓare ko ɗaya ba. Ya zaɓi wata ruwan hoda saboda ta fi kyau, ya jefa ta da ƙarfi, ta maƙale a reshen bishiya can sama. Ya tsinke zare ya ɗaura wata. Ita kuma da ta taɓa ruwa sai ya hau naɗe zare da gudu kamar mai ɗinki da keken hannu, jig na tafe a saman ruwa tana fallatsi.

"Baba Alhaji, ƙasa ake barin ta ta kai. A hankali ake ja."

"Kifin da ke jin yunwa zai biyo ta. Ni zan yi ta lallashin kifi?"

Can ya gaji, ya yago kilishi daga kula zai soka a ƙugiya. "Wane mahaukacin kifi ne zai bar nama ya ci roba?"

"Don Allah Baba, haramun ne a gasar nan. Za su kore mu duka."

"Haramun! Nasara ne yanzu ke faɗa mana halal da haram?" Amma ya cinye kilishin da kansa.

Haka rana ta ɗaga. Alhaji ya amsa waya, ya yi ciniki da direbobin manyan motocinsa, ya taka ƙasan jirgi da ƙarfi, ya zubar da shayi. Duk kifin da ke lungun ya san da zuwansu. Muzammil ya kama ƙanana guda biyu da ba za su kai shi ko'ina ba. Ƙaramin injin lantarki na gaban jirgi, wanda ake lallaɓawa da shi ba ƙara, ya mutu tun kafin azahar, domin rabon da a yi wa batirinsa caji tun ranar da aka sayo shi.

Bayan sun yi sallah a cikin jirgi, Alhaji ya ci masa da miya ya ƙoshi, gyangyaɗi ya ɗauke shi. A karon farko tafkin ya yi shiru. Iska ta tura su kusa da wani kututture da kansa kawai ya leƙo. Muzammil ya sauya jig ya ɗaura baƙa mai ratsin shuɗi, ya lilla ta a hankali ta faɗa gefen kututturen ba ƙara. Ya zuba wa zaren ido yana nutsewa. Kafin ta kai ƙasa zaren ya ɗan yi motsi, ya fara tafiya gefe shi kaɗai.

Ya ɗaga sanda da dukkan ƙarfinsa. Sandar ta lanƙwashe har gindi, ta tsaya cak kamar ƙugiyar ta kama kututturen ne. Sai kututturen ya fara tafiya.

Kifin ya taso ya buɗe baki a saman ruwa, bakin da dunƙulen hannu zai shige, ya girgiza kai ya koma. Ƙarar ta farkar da Alhaji.

"La ilaha illallahu! Wannan kifi ne ko rago?" Ya miƙe, ya tako har inda Muzammil yake, ya miƙa hannu. "Kawo, ɗana. Kawo sandar."

A nan ne ya kamata wanda bai san mu ba ya tsaya ya fahimta. Alhaji ba wasa yake ba, kuma a ganinsa ba ƙwace yake ba. A wurinmu abin da ƙarami ya samu na babba ne. Yaro ya rubuta jawabi, Alhaji ya karanta a sha tafi. Matasa su kama hol ɗin taro, su jera kujeru, su kwana suna suya, in an zo hoto a ce su matsa baya manya su fito. Mun ɗauro wannan ɗabi'a tare da kuka da daddawa muka haye teku da ita, kwastan ba su gan ta ba. Muzammil kansa ya sha miƙa irin wannan sanda a wasu wurare, hannu biyu, har da rusunawa. Ko yanzu sai da gwiwar hannunsa ta motsa da kanta.

"Baba, in ka taɓa sandar nan kifin ya ɓaci. Ba naka ba nawa."

"Na ce ka kawo."

"Ka yi haƙuri. Miƙo mini raga dai."

Alhaji ya janye hannunsa a hankali, ya koma kujera, ya harɗe. Raga na gefen ƙafarsa, bai dube ta ba. Muzammil ya yi fama shi kaɗai. Kifin ya nufi ƙarƙashin jirgi, ya juyo da shi. Ya nufi rassa, ya danne shi. Da ya gaji ya kwanta a gefensa, Muzammil ya durƙusa ya cusa yatsa ya kama leɓensa na ƙasa ya ɗago shi. Kore ne mai duhu, cikinsa fari, ya yi tumbi. Tunda yake bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya cire jig, ya saka shi a akwatin ruwa na jirgin, ya rufe.

"Alhamdu lillahi. Baba, wannan ya isa. Mu koma, lokaci ya matso."

Alhaji ya zare makullin inji ya jefa a aljihun shadda.

"Zauna, Muzammilu. A can wajen awon, da lasifika suke kiran suna, ko?"

"E, Baba."

"To sunana za su kira. Kai ne shaida, kai za ka faɗa musu."

"Ƙarya fa ke nan, Baba."

"Jirgin wa? Man wa? Wa ya kawo ka kan kifin? Da a Glenwood kake zaune yanzu kana kallon bango."

"Wallahi na gode, kuma zan faɗa a gaban kowa cewa jirginka ne. Bayan awo ka riƙe shi in ɗauke ka hoto kafin a sake shi."

"Kafin a me?"

"A mayar da shi ruwa. Haka ake yi."

Alhaji ya dube shi kamar ya ce za a mayar da jariri asibiti. "Allah ya ba ka abinci ka ce ba ka so? Na tara mutane a gidana, Hajiya ta yanka albasa, kai kuma ka ce za ka yi wa kifi rakiya? Karatun ke nan da kuka yi?"

Jiragen sauran 'yan gasa suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, suna nufar gaɓa. Daga inda suke ana hango rumfar awo, da mutane kamar tururuwa a gabanta. Muzammil ya roƙa. Ya kira shi Baba, ya kira shi ranka ya daɗe, har Sarkin Ruwa ya kira shi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce zai tsaya a kantin kifi ya sayo wanda zai ishi farfesu. Alhaji ya buɗe fulas ya tsiyaya shayi.

"Ba inda za mu sai na ji abin da nake son ji. Ni ba na sauri."

Muzammil ya ɗaga murfin wani akwati ya ciro filafili, sabo fil a ledarsa. Ya durƙusa a gaban jirgi ya fara tuƙi. Jirgin da aka ƙera don inji mai ƙarfin doki ɗari biyu ba ya jin filafili. In ya tuƙa ta dama ya juya hagu, in ya koma hagu ya juya dama, iska kuma na mayar da su baya. Gumi ya jiƙa masa riga. Alhaji na kujera mai juyawa yana kurɓar shayi.

"Ka ɗan karkata dama, rana na dukan fuskata."

Wani jirgi ya rage gudu a kusa da su, mai tuƙin ya ɗaga murya yana tambaya ko injinsu ya lalace ne, ya ja su. Kafin Muzammil ya ɗago, Alhaji ya ɗaga hannu da fara'a, ya amsa da Turancinsa mai kauri cewa lafiya lau, yaron motsa jiki yake yi. Muzammil yana iya ƙaryata shi a nan take. Kalma ɗaya ce. Amma ƙaryata dattijo a gaban baƙo, bakinsa bai taɓa koyon wannan ba, ya tsaya yana haɗa kalmomin da ba za su zama rashin kunya ba, har jirgin ya ƙara wuta ya wuce.

Sun kai inda yake iya gane Eric da majanyin kafaɗarsa a gaban sikeli lokacin da aka busa ƙaho. Ƙarar ta bi saman ruwa ta iso su, doguwa. Muzammil ya ajiye filafili a kan gwiwarsa. Tafin hannunsa duk ya yi bororo.

Alhaji Surajo ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya raba rigima. Ya ciro makulli ya mayar a mazauninsa.

"To, wasan yara ya ƙare. Ka ga da ka ji magana da yanzu an kira sunan Bahaushe a lasifika. Amma na yafe maka, ƙuruciya ce. Fito da kifin ka ɗauke ni hoto, mutane na jira."

Ya cire rigar ceto don shaddar ta fito sosai. Ya gyara hula, ya share bakinsa, ya miƙa wa Muzammil waya, sannan ya tara hannu biyu.

Muzammil ya ajiye wayar a kujera. Ya buɗe akwatin ruwa ya kamo kifin ta leɓe, ya tallafi cikinsa da ɗaya hannun. Yana nan da ransa, yana buɗe kunne yana rufewa. Ya wuce ta gaban hannuwan Alhaji, ya durƙusa a gefen jirgi, ya nutsa shi a ruwa, ya riƙe shi kaɗan har ya ji ƙarfinsa ya dawo.

"Kai! Kai, Muzammilu! Me kake yi?"

Ya buɗe yatsunsa. Kifin ya kaɗa jela sau ɗaya, ya watsa wa farar shadda ruwa, ya yi ƙasa.

Wayar Alhaji ta hau ruri a kan kujera. Muzammil ya leƙa, ya ɗauko ta da hannu biyu, ya rusuna ya miƙa masa.

"Hajiya ce, ranka ya daɗe."