Da Sauƙi, In Ji Kowa

Malamar Ganye ta zauna a ɗan ofishin da asibiti ya ara mata, wanda a da ɗakin ajiye tsintsiya da bokitai ne, ta sake ƙirga takardun karo na uku. Ɗari biyu da goma sha huɗu. Ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, amsar da ke cikinsu kuma ba ta sauya ba.

Ita ba likita ba ce. Masaniyar tsirrai ce daga jami'a, ma'aikatan jinya ne suka laƙa mata sunan, don kullum suna hango ta durƙushe a lambun bayan asibiti tana leƙen ƙarƙashin ganye. Lambun ba wani babba ba ne: tsohuwar tsamiya ɗaya, mangwaro uku, gwaiba a jikin katanga, da ƙananan tsirrai iri talatin da bakwai da ta ƙirga da hannunta, waɗanda kowa in ban da ita ke kira ciyawa kawai. Hukumar asibiti ta ce a sare shi a shimfiɗa kwalta, domin likitoci sun gaji da ajiye motocinsu a bakin titi. Ranar Alhamis za a sa hannu. Tun wata uku baya shugaban asibitin ya ce mata, "Kawo mini hujja cewa lambun nan na ƙara wa majinyata lafiya, in bar miki shi. Amma don Allah kada ki kawo mini labarin ƙudan zuma."

Sai ta tsara bincikenta tsaf. Ɗakin jinyar matan da aka yi wa aikin ƙashi dogo ne, gadaje layi biyu. Na gabas tagoginsu na kallon lambu, na yamma na kallon bangon ɗakin wanki. Kowace safiya ta bi gado-gado da takarda mai tambaya ɗaya: Yaya jiki yau? A ƙasa akwatuna uku: ya tsananta, yana nan yadda yake, da sauƙi. Ta sa rai gabas za ta yi wa yamma fintinkau.

Da sauƙi, in ji gabas. Da sauƙi, in ji yamma. Har da wata baiwar Allah da ta ce da sauƙi ƙarfe tara, ƙarfe tara da kwata aka tura ta ɗakin tiyata a guje. Takarda ɗari biyu da goma sha huɗu, ba a samu ko ɗaya da ta fanɗare ba. Yau Litinin.

Ta tattara takardun a jaka ta nufi ɗakin jinyar, ba don aiki ba, don gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, da aka gyara wa ƙugu kwana biyar da suka wuce, aka kwantar da ita a layin bango. Gwaggo ta yi shekara talatin tana rubuta shaida a kotu kafin ta yi ritaya, kuma har yau idan mutum na magana sai ta karkace kai ta zuba masa ido, kamar za ta ce maimaita.

"Uwata, lafiya kika shigo da fuska kamar an ƙwace miki goro?" Haka take kiranta, don sunan kakarta aka sa mata.

"Gwaggo, yaya jiki?"

"Da sauƙi. Zauna nan, ki kula da ƙafar, tun asuba take mini kamar ana huda ta da basilla."

Malamar Ganye ta zauna a bakin gadon ta zazzage mata komai: tsamiyar, kwaltar, Alhamis, takardun. Gwaggo ta miƙa hannu aka ba ta guda, ta nisanta ta da idonta ta karanta. Sai ta fara dariya. Dariya take tana riƙe ƙugu tana kiran wayyo, tana sake ƙyalƙyalewa, har tsohuwar telar da ke gadon kusa ta ɗago kai ta ce a taimaka a raba dariyar da maƙwabta.

"Digiri nawa gare ki yanzu, Uwata?"

"Uku, Gwaggo."

"Uku. Kuma a cikin ukun ba wanda ya gaya miki wannan gaisuwa ce, ba tambaya ba? Tun da uwarki ta haife ki, kin taɓa jin an ce wa mutum yaya jiki ya ce ya tsananta? Yanzun nan kika tambaye ni. Me na ce?"

"Kin ce da sauƙi."

"Sai kuma na ce me?"

Malamar Ganye ta tuna. Basilla. Ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga ɗankwali har takalmi. Takardar tambayar daga wani littafin bincike na ƙasashen waje ta ɗauko ta, ta mayar da ita harshen mutanenta kalma bayan kalma, ta yi ta murna da yadda ta zauna daram. Ashe wata uku ta yi tana zagaya ɗaki tana gaishe da mutane, suna amsawa cikin ladabi, ita kuma tana rubutawa.

"To ya zan yi, Gwaggo? In ce musu su daina ladabi?"

"Ba za su daina ba, ko za ki yanka su. Ni ma ba zan daina ba, in ce wa Ubangijina ban gode ba a gaban mutane?" Gwaggo ta gyara filo. "A kotu idan muna son gaskiyar mutum, ba shi muke tambaya ba. Duba nan." Ta juya wajen telar. "Maƙwabciya, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Hajiya, mun gode Allah."

"Kin ji ko? To yanzu tambaye ni yadda ita ta wuni."

Malamar Ganye ta tambaya. Gwaggo ta lissafo da yatsu: jiya telar ta danna ƙararrawar kiran nas sau shida, ta nemi ƙarin maganin ciwo sau biyu, ta bar rabin shinkafarta, kuma da mai gashin ƙashi ya zo ya ce ta taka zuwa ƙofa, ta yi baccin ƙarya.

"Innalillahi!" in ji telar. "Hajiya, ashe rubuta ni kike? To 'yar nan, matso in ba ki nata. Wannan gwaggon taki sau huɗu ta kira nas, ɗaya don a kashe fanka, ɗaya don a kunna."

Kafin azahar Malamar Ganye ta sake buga takarda. Tambaya ɗaya ce har yanzu, amma ta koma: Yaya maƙwabciyar gadonki ta wuni jiya? Ba akwatuna, fili kawai. Filin bai isa ba. Matan da a da suke ba ta kalma biyu, yanzu sai ta juya bayan takarda. Wata ta riƙe mata gefen mayafi wai ba ta gama ba. Wata malamar makaranta mai ritaya ta ba da nata bayanin da lambobi, na ɗaya, na biyu, na uku, ta kuma nemi a karanta mata ta ji ko an yi kuskure. Ɗakin ya kaure da musu da shewa, har babbar nas ta leƙo ta tambaya ko biki ake ba a gayyace ta ba.

Da ta baje takardun a ofis ranar Talata, abin da ta gani bai yi kama da abin da littattafai suka faɗa ba. Littattafai sun ce kallon kore na kwantar da hankali. Matan layin gabas hankalinsu ba a kwance yake ba ko kaɗan. Faɗa suke. Akwai wani nunannen mangwaro a reshen da ke daidai taga ta uku, an rabu gida biyu a kan ko tsuntsaye za su riga mai gadin asibiti shanye shi, kuma kowace, da ƙarfen dogarawarta, sai ta sauko daga gado sau biyar, sau shida a wuni ta je ta duba da idonta. Matan bango ba su da abin dubawa, sai su kwanta. Mai gashin ƙashi kuwa tun shekaru yake roƙon majinyata su tashi su taka, suna masa baccin ƙarya.

Yanzu da ta san abin da za ta nema, ta je wurin babbar nas ta roƙi littafin ɗaki na wata shida. Aka ba ta, ta yi wuni tana ƙirga. Matan gabas ana sallamarsu kusan kwana biyu kafin matan yamma. Ta ji kamar ta yi guɗa. Ta ɗauki takardar da gudu-gudu ta kai wa Gwaggo.

Gwaggo ta karanta, ta karkace kai.

"Wa ke raba gadajen?"

"Babbar nas mana."

"Da me take rabawa?"

Malamar Ganye ta je ta tambaya. Babbar nas, mace mai faɗin kafaɗa da biro uku a aljihu, ba ta ɓoye komai ba.

"Malama, wadda na ga da ɗan ƙarfinta, ita nake kaiwa taga, don can ya fi nisa da teburinmu. Wadda jikinta ya yi laushi ina ajiye ta kusa da ni. Sai kuma masu baki, irin gwaggonki, su ma kusa da ni, in ba haka ba su tayar mini da ɗaki."

Malamar Ganye ta dawo ta zauna a bakin gadon Gwaggo. In dai masu ƙarfi ake kaiwa taga tun farko, to ba abin mamaki ba ne su riga fita. Lambu ne, ko zaɓen babbar nas? Takardarta ba ta sani ba.

"Gwaggo, shugaban ba zai tambayi wa ke raba gado ba. In na nuna masa kwana biyun nan kawai, an gama."

"Ƙwarai ba zai tambaya ba." Gwaggo ta miƙa mata takardar. "Ɓare mini lemon nan, hannuna ya gaji."

Malamar Ganye ta hau ɓare lemon, tana jin da ma faɗa Gwaggo ta yi mata, da ya fi sauƙi.

Ranar Alhamis ƙarfe goma aka zauna a ɗakin taro, mutum bakwai a dogon tebur, injiniyan kwalta da taswirarsa a naɗe a gefe. Malamar Ganye ta miƙe ta fara da kuskurenta. Da ta karanta musu tambayar farko da amsa ɗari biyu da goma sha huɗu, likitan ƙashi ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya tuna shi ma abin da yake tambaya ke nan kowace safiya shekara ashirin. Ta nuna musu kwana biyun. Shugaban ya gyara zama, ya fara gyaɗa kai. Sai ta gaya musu yadda ake raba gado.

"To Malama," in ji shugaban, "ke kin zo ki ceci lambun ne ko ki taya mu sara?"

"Ranka ya daɗe, na zo in ce ban sani ba tukuna. Amma na san yadda za a sani. A ba ni wata huɗu. Duk wadda aka kawo, in dai likita bai ce sai kusa da nas ba, ta ciri ƙuri'a, gabas ko yamma. Ba mai zaɓa mata. Mu kuma mu ƙirga takunta da ranar fitarta, ba bakinta ba. In babu bambanci, ni zan riƙe wa injiniya igiyar awo."

Injiniyan ya ce kwalta ba ta jira. Likitan ƙashi ya ce motarsa ta yi shekara tara a bakin titi, wata huɗu ba zai narkar da ita ba, kuma in da gaske mangwaro ɗaya na tayar masa da tsofaffi daga gado, shi a dasa masa goma. Shugaban ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya mayar da murfin bironsa.

"Wata huɗu. Ko kwana ɗaya ba ƙari."

Ranar Asabar aka fara. Babbar nas ta wanke gwangwanin madara, aka zuba takardu a naɗe. Gwaggo an sallame ta tun safe, ɗanta na jira a mota, amma ta ƙi tafiya, ta ja kujera ta zauna a ƙofar ɗaki da ƙarfen dogarawarta, wai ƙuri'a ba ta halatta ba shaida. Ta farko da aka turo wata hamshaƙiya ce, zobe a kowane yatsa, 'ya'ya uku na biye da ita da filo da fulas. Tun daga ƙofa ta nuna gadon da ke jikin taga ta ce a kai kayanta can.

Babbar nas ta miƙa mata gwangwani.

"Mene ne wannan?"

"Bincike ne, Hajiya, in kin yarda. In ba ki yarda ba, ni zan zaɓa miki, kuma ba taga zan zaɓa ba."

Hajiyar ta harari gwangwanin, ta harari Malamar Ganye, ta tura yatsu biyu ta ciro. Babbar 'yarta ta warware ta karanta: yamma.

"A sake! Hannuna ne ya zame."

"Ba a sakewa," in ji Gwaggo daga kujerarta. "Na gani da idona. Uwata, rubuta. Ke kuma Hajiya kada ki damu, gadon kusa da telar nan za a ba ki. Mutuniyar kirki ce, sai dai ki kula, ba ta mantuwa."