Mai Buɗe Shafina da Safe

A shekarar 2007 na buɗe shafi a intanet, ina rubutu da Hausa a kan halittu. Aikina wanke kwalabe da shirya wa ɗalibai kwaɗi a ɗakin gwaji a Samaru, kuma abin da na sani ya cika mini ciki, ba wanda zan amayar wa. A gida ni kaɗai ce. In na ce wa matan cocinmu macen sauro ce kawai ke cizo, sai su ce Bibiana ke nan, su koma zancen anko.

To in na tashi aiki sai in hau bas zuwa Sabon Gari, in shiga kafen intanet na Oga Amaechi, in zauna kusa da fanka in yi ta bugawa. Na rubuta dalilin da ƙadangare ke gyaɗa kai, na rubuta inda kwaɗi ke ɓuya da rani. Ko sharhin zagi ban taɓa samu ba.

Sai dai shafin yakan nuna mini in an shigo. Kullum da safe, ina can wurin aiki, wani daga Nijeriya yana buɗe shi. Ba zan ɓoye ba, mutumin nan ya shiga raina. Na ɗauka wani tsohon malamin firamare ne mai tabarau, na fara tsara zancena yadda zai ji daɗi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, damuwata kada ya zo ya tarar ba sabon abu.

Wata Asabar na yi sammako, na zo da filashin kwamfuta mai ɗauke da hotunan jemagu da na ɗauka da kyamarar aro, na farko da zan ɗora. Oga Amaechi ya ta da janareta ke nan, yana zaune gaban babbar kwamfutarsa. Na leƙa, sai ga shafina. Na tambaye shi ko dama shi ne ke karanta ni.

Ya yi dariya, ya ce shi Hausarsa ta kasuwa ce, a rubuce ba ya gane ko kalma.

"Anti, shafinki ba hoto ko ɗaya, shi ya fi saurin buɗewa. Da shi nake gwada netwok kafin kwastoma su zo. In ya buɗe, sai in rufe."

Na ce masa madalla. Kunya ta kama ni, kaɗaici ya biyo baya, irin wanda ban taɓa ji ba ko a ɗakina.

Na zauna na rubuta yadda jemage ke gane hanya da kunnensa. Da na zo wurin ɗora hotunan, sai na tsaya. In shafin ya yi nauyi, Oga Amaechi zai nemi wani. Na zare filashin na mayar jaka, na tura rubutun haka nan.