Tsagar da ke Jikin Sandar Ɗuri

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau uku ina farawa ina yage takardar. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ko a gidanmu ba a san ni da magana ba. Amma abin ya hana ni zama wuri ɗaya, shi ya sa na ce bari in sauke shi.

Sunana Nives. Shekara tara ke nan ina goge ƙotar bindiga a wani ƙaramin shago a garin Gardone, a ƙasar Italiya. Bindiga irin ta zamanin da muke yi, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, sabuwa fil amma da kamannin ta kakanni. Ɗaruruwa sun bi ta hannuna, ban taɓa harba ko ɗaya ba.

Babana Battista, wanda abokansa ke kira Tista, shi ne maharbin. Shekara arba'in bai yi fashin filin harbi ranar Lahadi ba. Bara ya fara mantuwa. Sai ya ɗora kofi a wuta ya fita, ko ya kira ni da sunan mahaifiyata da ta rasu. Wata Lahadi ya yi wa bindiga ɗuri biyu, Allah ya sa aka gani kafin ya harba. Kawu Gualtiero, mai kula da filin, ya ce in ya sake, ƙofa ta rufe har abada. Yayana Fausto bai jira ba, ya kwashe bindigogin ya sayar. Tun daga nan Baba ya koma zirga-zirga daga taga zuwa ƙofa. Ran Lahadi sai ya sa hularsa ya zauna bakin gado har rana ta take.

Da na gaji da kallonsa, na je wurin mai shagonmu na nuna wata gajeriyar bindiga, irin ta sojan doki, wadda ni na goge ƙotarta.

"Ke?" in ji shi. "Ke da in an rufe ƙofa da ƙarfi sai kin zabura?"

"Ita nake so."

Ya dube ni, ya ciko takardun da sunana.

A gida Baba ya karɓe ta kamar jaririya. Ya zura sandar ɗuri har ƙasa, ya zaro wuƙa ya yi mata tsaga daidai bakin bindiga.

"Nan, cikinta fayau ne. Gobe in mun yi ɗuri ɗaya sai in yi tsaga ta biyu. In kika ga ta biyun ta tsaya sama da baki, akwai abin da bai kamata ba a ciki. Mutum yana ƙarya, Nives, sanda ba ta yi."

Washegari tun kafin a buɗe fili muna bakin ƙofa. Tsofaffin suka yi caa a kansa. Ottorino, abokin tsokanarsa, ya ce, "Tista, ashe kana raye? Har mun raba kujerarka."

"Ka riƙe ta, kai ke bukatar zama."

Baba ya nuna mini komai a tsanake. Ya zuba albarushi daga 'yar kwalba, awo ɗaya, ya ɗora ƙyalle da ƙwallon dalma, ya danna da sanda, ya yi tsaga ta biyu. Ya sa 'yar hular tagullar da ke kama wuta. Na ɗora a kafaɗa, na runtse ido, na ja kunama.

Farin hayaki ya rufe ni, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kafaɗata ta yi zugum. Allon da na auna yana nan lafiyarsa lau.

"An kashe dutsen baya," in ji Ottorino. "Allah ya ji ƙansa, ya bar iyali."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Baba yana dariya har da riƙe ciki. Rabona da ganin haƙoransa tun bara.

Sai lokacin nasa harbin ya zo. Ya goge cikinta, ya zuba, ya danna. Ottorino ya jawo shi da gardamar wanda ya ci gasar wata shekara can. Na juya ina murza kafaɗa. Da na waiwayo, Baba yana danna sanda, idonsa na kan Ottorino. Tsaga ta biyu tana tsaye sama da baki da kusan yatsa uku. A kan tebur kwalabe uku ne babu komai a ciki, alhali harbi ɗaya aka yi.

In na yi shiru, tana iya fashewa a fuskarsa. In na yi magana, Kawu Gualtiero yana nan taku biyar daga gare mu, kuma ya riga ya faɗi hukuncinsa. Baba ya zare sanda, ya ɗauki hular tagulla.

Na dafe hannunsa. "Baba, tsaya."

Muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Ɗuri biyu ne a ciki. Ni na fara ɗura ta ɗazu, ina gwadawa, ban gaya maka ba."

Kawu Gualtiero ya zo ya zura sanda ya duba tsagar. Baba ya dube ta, ya dube ni, fuskarsa ta yi ja.

"Haka na koya miki? Ki ɗura bindiga ki miƙa wa mutum ki yi shiru? Da kin kashe ubanki a gaban jama'a."

"Yi haƙuri, Baba."

"Haƙuri ba ya mayar da ido."

Ottorino yana ta kallon takalminsa.

Kawu Gualtiero ya ce in biyo shi da bindigar a zaro ɗurin. A bayan rumfa ya sa sanda mai ƙugiya ya ciro dalma ɗaya, ya zazzage, ya ciro ta biyu.

"Nuna mini hannunki."

Na buɗe. Tafin fes, ba ko ɗigon baƙin albarushi.

"'Yar Tista, shekara talatin ina tsaye a nan. Ba ki iya ƙarya ba."

"Kawu, in ka kore shi..."

"In ban kore shi ba, wa zan je in gaya wa mugun labari ranar da ba ki waiwayo ba?"

Ya daɗe yana juya dalmar a tafinsa. Sannan ya wuce gabana muka koma, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ga hukuncinta. Tunda ba ta iya ɗuri ba, daga yau duk harbin da za a yi da wannan bindiga, nata da na ubanta, ita za ta ɗura. Kai Tista, ka tsaya a kanta ka sa ido. Kada ka taimaka mata ko da kwalba ɗaya, sai ta koya."

"Har yaushe?" in ji Baba.

"Har sai na ce ta iya."

Baba ya gyara hula. "Za ta daɗe."

Ran nan sau shida na ɗura masa, yana yi mini faɗa a kan kowanne. Huɗu suka shiga tsakiyar allo.

Da gari ya waye na riga shi tashi. Na ɗauki magagari na zurfafa tsaga ta biyu, na shafa mata jan fenti. Gwangwanin albarushi da kwalaben na zuba su a jakata, don in kulle su a akwatina na wurin aiki. Ina ɗaure takalmi ya fito, ya ga sandar a kan tebur tana bushewa. Ban san me ya tuna ba, ban san me ya manta ba.

"Kin kyauta da kika sa ja," ya ce. "Mai mantuwa irinki tana bukatarsa."

Na ce, "Haka ne, Baba." Na kashe wutar da ya bari a ƙarƙashin kofi, na tafi aiki.