Shekarar da Na Sallami Baba Mani

Maigidana Malam Zailani ya rasu saura kwana tara a fara girbi. Ina cikin takaba, ko ƙofar gida ba na leƙawa, ga gona biyu a bayan Mairuwa suna jira, ta masara da ta waken suya. Masarar ita muke ci. Waken shi ke ɗauke mana sauran hidimar shekara, ni da 'ya'ya biyar.

Shekara ashirin ina dafa wa 'yan ƙwadagonsa abinci, ban taɓa tambayar yadda yake raba musu aiki ba.

Ƙanensa Kamilu ya zo ya tsaya a bakin zaure.

"Yaya Larai, mutane na jiran magana. Wa za a ɗauka bana?"

"Su wa Malam ke ɗauka?"

Ya ce samari takwas daga Tafoki, da tsofaffi huɗu, Baba Mani ne babbansu.

"Baba Mani da sai ya huta sau biyu kafin ya kai masallaci?" na ce. "Tausayi ne ya yi wa Malam yawa. Ka ba tsofaffin haƙuri, ka ƙaro samari. A taru a gama masara, sannan a koma waken."

"An gama, Hajiya manaja," in ji shi. Wasan da muka saba ne, amma na kasa dariya.

Kwana shida aka gama masara. Har na ji sanyi a raina.

Ranar da suka shiga waken, Kamilu ya dawo da la'asar ya miƙo mini kwanson waken cike da hannu. Duk a buɗe, ba ƙwaya ko ɗaya.

"Ya wuce bushewa, Yaya. Suna sa lauje yana tartsatsi. Ƙasa duk wake."

Na ce a tsayar da su, a roƙo mini Baba Mani.

Ya zo da sandarsa ya zauna a zaure, ina daga ciki. Ya sake yi mini gaisuwa, ya yi wa Malam addu'a.

"Baba, na yi kuskure."

"Ba ki sani ba ne, ɗiyata. Waken suya ba ya son rana, ba ya son hannu mai zafi. Mu huɗu marigayi ke sawa a gonar waken tun ranar farko. Daga sallar asuba mu shiga, raɓa na kansa, hantsi na yi mu fito. Yaran can ƙarfi gare su, shi ya sa yake tura su masara." Ya yi tari. "Bai taɓa ɗaukar mu don tausayi ba. Ko jinkiri muka yi sai ya yi mana faɗa."

Na zauna a ƙasa. Ashe har faɗan nasa ban sani ba.

Washegari suka shiga, su huɗun. Kwana biyar suna bin abin da ya saura a hankali, 'yan matana biyu na tsintar na ƙasa cikin kwano. Abin da aka tsira da shi bai kai rabin na bara ba.

Da na fita takaba, tumakin Malam uku na fara fitarwa kasuwa.