Tabon da Masauna Ya Gani

A kan ƙanƙarar da ta rufe tsakiyar tsibirin Greenland mutum ba ya jin fuskarsa. Sanyi yana iya cinye maka kumatu kana tafe kana waƙa. Shi ya sa duk wanda ya hau yake riƙe amanar fuskar abokin tafiyarsa. In an tsaya shan shayi sai a cire ƙyallen fuska a dubi juna. Wanda ya ga farin tabo a jikin ɗan'uwansa sai ya ɗora masa tafin hannu har jini ya dawo, in ya ƙi dawowa a kafa tanti a haƙura da tafiyar.

Pipaluk ta san wannan tun tana ƙarama. Da ta amince za ta ƙetare ƙanƙarar a ƙasa tare da yayanta Masauna, daga gabas zuwa yamma, kowa na jan kayansa da igiya a ƙugu, ko ƙaramin madubi ba ta ɗauka ba. Me za ta yi da shi, ga Masauna?

"Yaya, duba min," takan ce, tana juya masa fuska.

"Muninki dai na nan yadda kika zo da shi, Auta. Sha shayinki."

Sai ta yi dariya ta jefe shi da kan busasshen kifi.

A makon ƙarshe iska ta tsananta. Masauna ya ƙagu, domin shekaru ya yi yana mafarkin tafiyar nan, kuma ya san in suka tsaya jirgi mai saukar ungulu ne zai zo ya kwashe su, shi ke nan an yi ta banza. Kullum ta tambaya, kullum ya ce lafiya ƙalau. Ta lura ya rage tsokanarta, ta ɗauka gajiya ce.

Suka kai wani gari a gaɓar yamma. Mutanen garin suka tare su da kofi da shewa, wata tsohuwa kuwa da ta kalli Pipaluk sai ta ja hannunta zuwa asibiti ba tare da ta ce komai ba.

Ma'aikaciyar jinya ta taɓa hancin da kuncin hagu, ta yi tsaki.

"Wannan ba na jiya ba ne, 'yar'uwa, ya kwana biyu. Gefen hancin nan sai an yanke. Wanda kuka taho tare makaho ne?"

Abin ya daki Pipaluk fiye da maganar yankan. Ta sa aka kira Masauna. Ya shigo da hularsa a hannu, ya tsaya yana kallon takalminsa, ƙaton mutum kamar shi.

"Ka gani?"

Ya jujjuya hular a hannunsa.

"Yaya, tambayarka nake yi."

"Na gani," ya ce. "Na ɗauka zai jure har mu sauka. Da na faɗa miki, da kin ce mu tsaya."

Ta dube shi cikin baƙin ciki.

"Ashe ba ka san ni ba. Na fi ka son ƙetarewar nan. Da ka faɗa min, da na ɗaure fuskata na ci gaba, na sadaukar da hancin da kaina, yau muna zaune muna dariya. Amma ka dube ni ido cikin ido ka ce lafiya ƙalau."

Ya matso zai kama hannunta. Ta juya wajen ma'aikaciyar jinyar.

"Ki fitar min da shi, sannan ki gaya min gaskiyar abin da ya rage."