Injin da Ba a Ƙaddamar Ba

Injiniya na tsaye a bakin babban kwatamin ma'aikatar tace ruwa tana kallon ruwan dattin gari yana hawa, sai janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Wutar gari kuwa tun safe aka ɗauke. Famfunan da ke tura ruwan zuwa wurin tacewa suka yi tsit.

"Mai ya ƙare, 'yata," in ji Baba Makaniki yana goge hannu da tsumma. "Motar mai sai gobe, wai. Goben nan tasu tun ranar Litinin take tafe."

Ta dubi ma'aunin jikin bango. Saura ƙafa biyu ruwan ya tumbatsa ya gangara rafi, inda masu lambu ke ban ruwa, mata ke wanki.

Abin takaicin, can bayan ma'aikatar wani dogon bututu ne ke ci da wuta tsakar rana. Gas ne da ke tashi daga tankin da bayan gidan jama'a ke ruɓewa a ciki. Wata goma sha huɗu ana ƙona shi a banza, alhali injin da aka sayo don ya mai da shi lantarki yana kulle a ɗaki. Sau ɗaya aka gwada shi, aka rufe, ana jiran babban baƙo ya sami sukunin yanke ƙyalle.

Ta iske Manaja a ofis yana fifita da fayil.

"Ranka ya daɗe, makullin ɗakin inji."

"Haba Injiniya! Ba a ƙaddamar ba fa."

"Ruwan bai san ba a ƙaddamar ba. Yana nan tafe."

"In manya suka zo suka ga an taɓa shi, wa za a tambaya?"

"Ni. Ba ni takarda."

Ta rubuta cewa ita ta kunna, ta sa hannu. Ya karanta sau biyu, ya linke, sannan ya zaro makulli daga aljihun tebur.

Ita da Baba suka duba baƙin mai da ruwa, suka juya gas ɗin daga bututu zuwa inji. Baba ya yi bismilla, ta danna. Injin ya yi gurnani, ya daidaita. Famfuna suka kama ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe layin ruwan zafi, don zafin jikin injin ya ɗumama tankin, gas ya ƙaru.

Baba ya dafa bututun ruwan zafin, ya janye hannu da sauri.

"Ikon Allah! Shekara talatin ina toshe hanci, ashe mai nake yi wa wulaƙanci."

Ruwan ya tsaya saura kamu ɗaya, ya soma sauka.

Da la'asar aka kawo wutar gari. Sai ga Manaja a bakin ƙofa da fara'arsa.

"To alhamdulillahi, an wuce wurin. A kashe shi, a goge, kamar ba a taɓa ba."

Baba ya dubi Injiniya. Ba ta ɗago daga allon da take karantawa ba.

"Kashewa ma sai da takarda, ranka ya daɗe. Rubuta, ka sa hannu, yanzu in kashe."

Manaja ya shafa aljihun gaba, ya shafa na gefe. Ya ɗan saurari ƙarar famfunan.

"Bari in ɗauko biro," ya ce.

Har aka tashi daga aiki bai dawo ba.